Shirun Matuƙi

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, da Anti, da Baba. Yaya hannun nasa na dama, ya fara riƙe kofi? Ni lafiya lau, in ban da mura da ta mai da ni 'yar gida. Malamin da ke duba aikina ya karanta babi na uku ya ce "akwai alamun tunani a ciki". A bakinsa wannan babban yabo ne, har abokan karatu sun zo yi mini murna.

Na rubuto ne maimakon in kira don na san halinka. A waya "to, to" kake cewa har a gama, kuma kullum Baba na kusa yana ji.

Tun da na zo karatun nan, abin da na fi kewa ba kai ba ne, kada ka ji daɗi. Teburin Asabar ne. Kai a bayan kwalin sabulun nan da ka yanke ka tsayar kamar katanga, kana ba da labari da muryoyi kala-kala, taswirar da ka zana a bayan tsohuwar kalanda a shimfiɗe, kowa da jaruminsa a kai. Tela da murfin kwalbarsa, Mai Kemis da maɓallin rigarsa, ni da marfin biro, Baba kuma da usur ɗinsa na aikin jirgin ƙasa, wanda ya ce shi ne tsohon Matuƙi mai kwale-kwale. Na gwada yi wa mutanen nan bayanin cewa a gidanmu malamin labarin ƙasa, da tela, da mai sayar da magani, da tsoho ɗan fansho suna zama su yi faɗa da ɓarayin kogin da babu shi. Ashe sun san wasan, sai dai su a intanet suke yi.

To maganar ke nan. Akwai manhaja da aka yi don irin wasanmu. Kowa ya shiga daga inda yake, taswira na fuskar waya, ana magana ana jin juna, dayis ɗin nan mai fuska ashirin da ke yanke sa'ar kowa ma manhajar ce ke jefawa. Yammarku safiyata ce, ka ga ya yi daidai. Jarumata ta gaji da "tafiyar neman magani" da ka tura ta tun ranar da na hau jirgi. Wane irin magani ne wannan?

Na san za ka ce likita ya ce wasan ne ke sa Baba magana tun da ɓarin jikinsa ya shanye, don haka kada a taɓa komai. Ai ba taɓawa za a yi ba, ƙari za a yi, zai ji muryar 'yarsa. Abu ɗaya ne zai canza. Tun da hannunsa ya ƙi, kai kake jefa masa dayis a bayan kwali kana faɗin abin da ya fito. Yaya, ƙididdiga nake karantawa. Sa'ar Matuƙi ba ta cikin kowane littafi. Wani kada ya kama shi a kogi, ya sake shi. Guguwa ta kifar da kowa, shi ko hularsa ba ta jiƙe ba. Duk mun sani, Tela ma ya sani, kuma Tela har yau ya yarda kokawar talabijin gaskiya ce. Sai ka yi haƙuri, manhaja ba ta da uba.

Ka gaida kowa.

Ƙanwarka,
Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Baba yana riƙe kofi da hagu, dama tana nan yadda kika bar ta. Allah Ya sawwaƙe murar.

Na gaya musu. Tela har da tafi, wai ba sai ya rufe shago ba. Mai Kemis ya ce shi ma haka. Wannan murnar tasu ce ba ta kwanta mini ba. 'Yan ajina da nake koya wa wasan a makaranta, bara sun cika benci biyu, bana ba kowa, duk suna cikin waya suna harbin juna. Ban ce abin ba shi da daɗi ba. Na dai ga abin da ya shiga waya ba ya cika dawowa.

Baba ya saurara, ya ce, "Auta?" Na ce eh, za ta shigo. Ya ce, "To." Shi ke nan, kin ci.

Na gwada manhajar da kwamfutata da wayar Anti. In suna ɗaki ɗaya sai su riƙa ƙara kamar ana yanka akuya. Don haka Baba zai zauna a falo da waya, mu jingina ta da fulas, ni in koma ɗakin ajiya da kwamfuta. Kyamara kuma sai an kashe, in an kunna magana na tsinkewa.

Maganar sa'ar Matuƙi ban gane abin da kike nufi ba.

Yayanki

*

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Murar ta tafi, ta bar tari a madadinta. Ina fatan kun tashi lafiya bayan gagarumin tarihin da muka kafa jiya.

Ka yarda dai an yi nishaɗi. Keken ɗinkin Tela ya ba faɗan kogin wani armashi da muryarka ba ta taɓa ba shi ba. Mai Kemis kuwa, lokacin da shugaban ɓarayi ya ɗora masa wuƙa a wuya ya ce ya faɗi kalmarsa ta ƙarshe, sai muka ji, "Cokali biyu safe da yamma, kada a sha da ruwan sanyi." Na yi dariya har maƙwabciyata ta buga bango. Kai ma, daga ɗakin ajiya, muryarka ta fito da wani amo kamar ta aljanin rijiya. Kada ka sake barin wurin.

Baba ya ce "Auta, sannu" da farko, na ji shi tar. Ban san zan ji abin da na ji ba, amma ba zan faɗa maka ba, kada ka samu abin tsokana.

Abin takaici ɗaya, sabis. Daidai inda labari ya yi zafi, igiyar kwale-kwale na shirin tsinkewa a tsakiyar kogi, ka ce, "Matuƙi, me za ka yi?" sai layinsa ya ɗauke. Muka yi ta "Baba? Baba, kana ji?" Tela ya ce mai kaya na tsaye a kansa, a yi sauri. Kai ma ka yi shiru. Shi ya sa na danna masa dayis don kada wasan ya tsaya. Ɗaya ta fito, mafi muni a cikin ashirin, ƙatuwa a fuskar wayar kowa. Na faɗa maka manhaja ba ta san kunya ba. Bayan shekaru na cin bulus, ruwa ya ci Matuƙi.

Ba abin damuwa ba ne. Asabar mai zuwa ka ce wani masunci ya tsamo shi a gaɓa, ka saba da abin da ya fi wannan. Teburin kuwa a kai shi gidan adana kayan tarihi, a manna masa takarda: "A nan mutanen da suke zama, har suna ganin fuskar juna." Kwalin sabulun a sa shi a gilashi.

Ka gaida Baba, ka ce masa ya koyi iyo.

Auta

*

Auta,

Muna lafiya. Allah Ya ba ki lafiyar tarin.

Na isar da gaisuwarki. Baba ya ce ba komai. Yana hutawa sosai kwanakin nan.

Asabar ɗin nan ba za a yi ba, ina da takardun jarrabawa.

Yayanki

*

Yaya,

Ina gaisuwa. Tari ya warke, babi na huɗu ne bai warke ba.

Na ji daɗi da Baba bai ɗauki abin da zafi ba, kuma yana samun hutu. Dama likita ya ce ya rage kai-komo.

Amma kai fa? Wata ya wuce. Wace irin jarrabawa ce wannan, ta shiga aljanna? Na kira, Anti ta ce kana wanka. Na sake kira, kana wanka. In ka ci gaba a haka za ka narke. Na nemi Baba, aka ce yana kwance. In fushi kake don an ƙwace maka kwali, ka faɗa, mu yi faɗan mu gama kamar yadda muka saba. Ina shiga manhajar duk Asabar, in tarar da jarumata ita kaɗai a bakin kogi kamar wadda aka yi wa alkawarin mota.

Auta

*

Dakta ta gobe,

Sallama da gaisuwa. Ni ce Antinki. Lafiyarmu ƙalau ta jiki. Na karɓi kwamfutar yayanki ne don na gaji da ƙaryar wanka, ni ma'aikaciyar jinya ce, ba sakatariyarsa ba.

Ke da kike ganin komai har da sa'ar dayis, bari in tambaye ki. Duk zaman da kika yi a teburin nan, kin taɓa lura da lokacin da yayanki ke tashi zuba shayi? Ba ya tashi sai ya ce, "Matuƙi, me za ka yi?" Yana faɗa sai ya miƙe, ya ɗauko fulas, ya bi kowa da kofi, ya yi ta neman cokalin da ke hannunsa. Tela ya fara ƙorafin sukari, Mai Kemis ya yi masa wa'azin ciwon suga. Kafin a lafa, Baba ya gama harhaɗa kalmominsa, sai ya faɗa, kuma ba wanda ya ji kamar jiransa aka yi. Maganar tana nan a kansa, hanyar fitowa ce ta yi nisa.

Ranar nan sabis bai ɗauke ba. Ina bakin ƙofar kicin ina kallonsa. Ya matso da bakinsa kusa da wayar, leɓensa na motsi, ya dafe usur da hagu. Ku kuma kuna ta "Baba, Baba" ta lasifika, duk kira ɗaya sai ya koma farko. Yayanki ya taso daga ɗakin ajiya da gudu, ya yi tuntuɓe da buhun gawayi, kafin ya iso falo lambar ta fito. Baba ya dube ta, ya dubi yayanki, ya rufe bakinsa. Ni ma da na san abin da zai faru da na yi ihu, amma ban san kan wasanku ba, na ɗauka haka ake yi.

"Hutawa" da aka rubuto miki, to ga shi. Ba ya fitowa falo. In an tambaye shi abu, kai yake ɗagawa ko ya girgiza. Atisayen bakin da nake sa shi da safe ya daina, in na matsa ya juya bango. Kin san abin da wannan ke nufi ga mai irin ciwonsa: harshen da aka daina motsawa ba ya jiran mutum. Usur ɗin ya mai da shi durowa, ƙarƙashin takardun fansho.

Yayanki kuma maganar gidan tarihi ce ta zauna masa. Ya jingina teburin da bango, yanzu kayan guga nake tarawa a kai. Na ce masa wasa kike yi, ya ce ya sani, amma gaskiya ce. Abokan nasa ma ba su taimaka ba. Tun da kika koya musu hanya, sun gano wani wasan harbi da ake yi da baƙi. Tela ya ce wani yaro daga wata ƙasa ya zage shi da yaren da bai sani ba, kuma bai taɓa jin daɗi irin na ranar ba. Ɗinkina yana wurinsa har yau, hannu ɗaya ya sa wa rigar.

Ban rubuto don ki yi kuka ba, kukanki ba shi da kyan gani. Ki yi tunani, tunda an ce akwai alamunsa.

Antinki

*

Yaya,

Ina gaisuwa. Lafiyata lau, sai dai kunya, ita kuma ba a sayar da maganinta a shagon Mai Kemis.

Anti ta faɗa mini. Kada ka yi mata faɗa, ba za ka ci ba.

Na yi shekaru ina ƙirga ƙaryar dayis ɗinka ina jin kaina mai wayo, ban taɓa tambayar me ya sa mutum ke neman cokali yana riƙe da shi ba. Na karanta "yana hutawa" na ji daɗi. Da a takardar wani ɗalibi na ga irin wannan karatun, da jan biro zan bi shi.

Maganar gidan tarihi bakina ne, ka san shi tun yana ba ka ciwon kai a gida. Ka sauke kayan guga daga teburin.

Ga abin da nake roƙo. Ka dawo da Matuƙi. Masunci, ko kifi ya haɗiye shi ya amayar, ko ka ce duk mafarkin Tela ne. Ka ce wa Baba kuskuren na'ura ne, a soke. In ya fi sauƙi, ku koma yadda kuke, ni a sake tura ni neman magani. Zan iya haƙura da Asabar. Shirun Baba ne ba zan iya ba.

Ƙanwarka

*

Auta,

Mun samu saƙonki, muna lafiya. Ban yi wa Anti faɗa ba, ita ta yi mini.

Na shiga ɗakin Baba na zauna a bakin gado, na kawo maganar masunci. Ya girgiza kai. Na kawo ta kifi, ya dube ni kamar yadda yake duban fasinjan da ba shi da tikiti. Na ce to a soke, na'ura ce ta yi kuskure. Ya ɗaga hannu in dakata. Babu fulas a kusa, sai na tashi na yi ta gyaran labulen da ba abin da ya same shi. Can ya ce, "Ba mutuwar ba ce." Na ci gaba da labule. Ya ce, "Ban gama magana ba."

Don haka ba za a dawo da kowa ba. Za mu koma tsakiyar kogin, daidai inda na yi tambaya, ya ba da amsarsa. Na ce masa ke za ki haƙura. Ya ce, "Kujerarta." Za mu ɗora waya a kujerarki, ke kaɗai ce a layi, ba ƙara, kuma kyamara za ta iya zama a kunne.

Tela da Mai Kemis sun fara kawo uzuri. Anti ta je shagon Tela ta tsaya a kansa ta ce ko ya zo Asabar ko ta sa rigar mai hannu ɗaya ta zaga unguwa tana faɗin wanda ya ɗinka. Zai zo. Ita tana da aiki ranar, ta ce ki ba ta labari, wai ni ba na iya ba da labari.

Yayanki

*

Anti,

Gaisuwa da ban gajiyar aiki. Ina lafiya. Ga rahotonki.

An tara littattafan labarin ƙasa a kujerata aka jingina ni a kai. Daga nan ina ganin rabin taswira, kunnen Tela, fanka, da Baba gaba ɗayansa. Ya rame, Anti, ba ki faɗa mini wannan ba. Ya sa rigarsa mai aljihu biyu, ya ajiye usur a tsakiyar kogin da hannunsa.

Yaya ya mai da mu wurin: ruwa na hauhawa, igiya na tsinkewa zare-zare, ɓarayi a baya. Ya ce, "Matuƙi, me za ka yi?" Ya miƙe ya ɗauki fulas.

Ban taɓa sanin shirun nan yana da tsawo haka ba, don da ina cikin masu shan shayin. Yanzu ba ni da kofi, ba ni da abin yi sai kallo. Tela ya ce sukarin ya yi kaɗan. Mai Kemis ya ce, "Kai dai sai an yanke maka ƙafa za ka ji magana." Tela ya ce, "In an yanke, kai za ka taka mini keken?" Yaya na ta neman cokali. Ni kuma ina ganin leɓen Baba yana kama kalma tana kuɓucewa, yana sake kamowa. Sau da yawa "Baba" ta zo mini har bakin haƙori. Na sa hannu na toshe bakina, a zahiri, kamar yarinya a aji.

Sai ya ce, "Ku sauka." Kowa ya ajiye kofi. "Ku bi igiya. Ni zan riƙe."

Mai Kemis ya ce, "Haba Baba, in ka riƙe ai ruwa zai tafi da kai." Baba ya ce, "Na sani."

Kin ji abin da yake ɗauke da shi a baki ranar nan. Dama ya yi niyyar ba da Matuƙi don mu haye. Ni na riga shi, na jefa mutumin a ruwa kamar wanda santsi ya kwashe.

Yaya ya kai hannu bayan kwali zai jefa dayis. Baba ya dafa kwalin ya ce, "A fili." Ya karɓa da hagu ya jefa da kansa. Dayis ya bi ta kan taswira, ya faɗo ƙasa, ya shige ƙarƙashin kujerata. Mai Kemis ya durƙusa da tocilan wayarsa, na ga ƙeyarsa kusa-kusa, abin da ban roƙa ba. Ya ɗago ya ce, "Sha ɗaya." Yaya ya ce sha ɗaya ta isa mu haye, ba ta isa Matuƙi ya tsira ba. Ya faɗa yana kallon Baba, ko zai nemi sassauci. Baba ya ɗauki usur ya busa, irin busar tashin jirgi, har wayar ta yi rawa. Ni dai kyamarata ta samu matsala a nan, ta yi hazo.

Ba a gama ba. Yaya ya fara tambayar wane sabon jarumi Baba ke so, sai Baba ya nuna kwalin ya ce, "Ba ni." Yaya ya ce, "Kwalin?" Ya ce, "Tashi." Mijinki ya tashi daga kujerar da ya riƙe tun yana jami'a, aka ba shi murfin kwalbar man shafawa, Baba ya naɗa shi mai jaki. Daga Asabar mai zuwa Baba ne mai ba da labari. Tela ya ce, "To wa zai zuba shayi?" Yaya ya ce ai mai jaki ba ya rasa aiki.

Kada in yi miki ƙarya, wayar Tela ta yi ta motsi a aljihunsa, 'yan harbinsa na kira, kuma na ga ya leƙa. Ban san wanda zai ci tsakanin teburin da wayar ba, kuma ba ni da bakin zagin wayar tunda a cikinta nake zaune. Na dai ga ya mai da ita aljihu da Baba ya buɗe baki.

Ki karɓo rigarki tun yana jin kunya.

Ƙanwar mijinki da kika fi so, tunda ba wata

*

Auta,

Ni ne. Da yatsa ɗaya na rubuta. Yayanki ya so ya taya ni, na kore shi.

Ina lafiya. Ki ci abinci.

Jarumarki ta dawo ba magani. Za a tambaye ta.

Asabar ki zo da wuri. Labarina ba ya sauri.

In kin ji shiru, ina nan.

Babanki